Idan gitar ta shaƙe: ciwon mikoron wuya da hanyar maganinsa a ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya taɓa kwana a garin Tasawa da kaka, bayan an ɗaure gero an kai rumbu, ya san cewa dararen wannan lokaci ba su da shiru. Lokaci ne na aure da wasannin samari, tun daga Maijirgi da Korgom har zuwa Mayahi da Kanambakashe, can bakin Gulbin Kaba inda goriba ta yi yawa. Kalangu da ganga da gurumi su ne iyayen fage. Amma jefi-jefi akan ga wani saurayi ya shigo da gitar ta lantarki, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira jita, ya rataya ta a kafaɗa ya tsaya kusa da mawaƙi.

A wani gidan biki na irin wannan dare na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Saurayin ya iya hannu, babu shakka. Idan ya tura maɓalli zuwa mikoro na baya, murya takan fito siririya mai kaifi. Da zarar ya komo ga mikoro na gaba, wanda ya kamata ya ba da murya cikakkiya mai daɗin ji, sai kiɗan ya nutse, ya zama kamar mutum yana magana cikin tulu. Ba a rarrabe wannan tsirkiya da waccan. Mawaƙi yana ta waiwaye, ƴan rawa kuwa suka koma bin ganga kaɗai. Bayan an tashi ya gaya mini cewa abokansa sun tabbatar masa mikoron ya mutu, sai ya je Maraɗi ko Kano ya sayi sabo. Daga Tasawa zuwa Maraɗi kimanin kilometir 120 ne, kuɗin mota da na sabon mikoro kuwa za su cinye abin da ya samu daga waken da ya noma a daminar nan.

Washegari muka kai gitar wurin wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Kafin azahar ta tashi garau, ba a sake mikoro ba, ba a je ko'ina ba. Abin da ya faru a rumfar nan shi nake so in shimfiɗa wa masu karatu, domin a yankin da gitar ba ta da yawa, kuma babu kantin kayanta a kusa, rashin sani yana iya raba yaro da sana'arsa.

Yadda gitar ta samu wurin zama

Gitar ta lantarki baƙuwa ce, amma ta daɗe a gidan nan. Tun daga shekara ta 1976, da aka fara wasannin matasa na ƙasa a Damagaram zamanin Shugaba Saini Kunce, jihohi suka riƙa gasa da ƙungiyoyinsu na kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, gidajen matasa kuma suka zama makarantar masu son kiɗan zamani. A 1987 aka kafa gasar Ɗan Gurmu, wadda ta ɗauki sunan mashahurin makaɗin nan na Tawa, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. A arewa, Abdalla ag Umbadugu da Bombino da Mdou Moctar sun kai gitar ta Buzaye har Turai da Amurka.

A ƙasar Hausa kuwa, makaɗi yakan riƙi gitar kamar yadda kakansa ya riƙi gurumi ko molo. Ba ya cika haɗa tsirkiya shida ya buge su gaba ɗaya. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya da sauri, yana amsa wa mawaƙi, yana kutsawa tsakanin kalangu da ganga. Irin wannan kiɗa yana buƙatar kowace murya ta fito daban. Saboda haka shaƙewar gitar ta fi yi mana ɓarna a nan, domin ganga ta riga ta cika wurin manyan muryoyi, idan gitar ta rasa kaifinta ba ta da sauran wurin tsayawa.

Mene ne mikoro?

Mu da aikinmu fassara ne mun san wahalar neman suna ga abin da ba a haife shi a gida ba. Makaɗanmu sun ari kalmar mikoro daga Faransanci, mu ma za mu bi su. Amma a lura, wannan ba mikoron da ake magana a ciki ba ne. Ba ya jin murya ko kaɗan, motsin ƙarfe kawai yake ji. Wanda ke kusa da wuyan gitar za mu kira shi mikoron wuya. Wanda ke kusa da matokarin tsirkiya za mu kira shi mikoron jaki, tun da jaki masu goge da garaya ke kiran wannan matokari tun kaka da kakanni.

Cikin mikoro akwai abu biyu: maganaɗisu, da wayar jan ƙarfe siririya kamar silin gashi, wadda kaurinta bai wuce milimetir 0,06 ba sai kaɗan. Ana naɗa ta kewaye da maganaɗisun sau dubbai, kamar sau 8.000 a mikoron gitar Fender na asali. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a bisansa, sai ƴar wutar lantarki ta tashi cikin wayar, tana kaiwa da komowa daidai da rawar tsirkiya. Amfili ya karɓe ta ya ƙarfafa, lasifika ya mai da ita sauti. Wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan asiri a 1831. Shekara ɗari bayansa George Beauchamp ya ɗora shi a kan gitar a Amurka, kamfanin Rickenbacker ya fara sayar da ita a 1932.

Mikoro iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai naɗi ɗaya, siriri, irin na Stratocaster da Leo Fender ya fitar a 1954. Muryarsa garau take, amma yana kwasar gunjin wutar lantarki, wadda a ƙasarmu take juyawa sau 50 a sakan. Akwai kuma mai naɗi biyu, faffaɗa, wanda Seth Lover ya ƙirƙira wa kamfanin Gibson a 1955, aka fara sa shi a gitar Les Paul a 1957. Naɗinsa biyu suna kashe gunjin, amma muryarsa ta fi kauri da duhu. Mafi yawan kukan shaƙewa daga masu irin wannan na biyu yake fitowa, musamman a gitar mai araha wadda aka kwaikwayi ta manyan kamfanoni.

Dalilin da ya sa na wuya ya fi shaƙewa

Tsirkiya ba murya ɗaya take yi ba. Idan aka kaɗa ta, tana rawa gaba ɗayanta daga wannan kai zuwa wancan, wannan ita ce uwar murya. A lokaci guda kuma tana rawa rabi-rabi, da kashi uku, da kashi huɗu, har abin da ya fi haka. Waɗannan su ne ƴaƴan murya. Tsirkiya mafi kauri ta gitar tana kaiwa da komowa kimanin sau 82 a sakan, ƴaƴanta kuwa 165, da 247, haka har dubbai. Uwa ita ke ba da nauyi, ƴaƴa su ke ba da kaifi. Da ƴaƴan ne kunne yake rarrabe gurumi da goge ko da sun ɗauki murya ɗaya.

Kusa da jaki tsirkiya a ɗaure take, lilon uwa kaɗan ne, saboda haka ƴaƴa su ke rinjaye. Wajen wuya kuwa tsirkiya tana da sarari, lilon uwa yana da faɗi. Watau tun asali mikoron wuya yana samun uwa da yawa, ƴaƴa kaɗan. Wannan halittarsa ce, ba cuta ba ce. Cutar tana farawa ne idan wani abu a hanya ya ƙara sace ƴaƴan nan kaɗan da suka rage. Ɓarayin kuwa suna da yawa, kuma galibinsu ba cikin mikoro suke ba. Hikimar mai gyara ita ce ya bi su ɗaya-ɗaya, ya fara da wanda ba ya cin ko tamma, ya ƙare da mai tsada.

Na farko: tsirkiya

Mai gyaran rediyon nan bai taɓa turnabis ba sai da ya goga yatsa a ƙarƙashin tsirkiya ya nuna mana baƙin datti. Gumin bazara da ƙurar hunturu suna shiga tsakanin naɗin manyan tsirkiyoyi, su daskare, su hana su rawa da sauri. Ƴaƴan murya su ke fara mutuwa. Tsirkiyar saurayin nan ta shekara ba a sake ta ba. Sabuwar tsirkiya ita ce magani, tsumma busasshe kuma shi ne rigakafi: a goge sama da ƙasa duk lokacin da aka gama kiɗa, a rufe gitar cikin jakarta.

A kula kuma da irin tsirkiyar da aka saya. Ta roba ba ta aiki sam, domin maganaɗisu ba ya jin ta. Ta gitar katako mai naɗin tagulla tana ba da murya rarrauna, domin ƙarfen cikinta kaɗai mikoro ke ji. An san cewa Mdou Moctar ya ƙera gitar tasa ta farko da wayar birkin keke, mu ma yaranmu sukan yi wannan dabara idan tsirkiya ta tsinke a ƙauye. Tana fid da mutum kunya dare ɗaya, amma ba ta zama ta dindindin.

Na biyu: waya da amfili

Wayar da ke haɗa gitar da amfili tana shan kaifin murya gwargwadon tsawonta. Kowane metir ɗaya yana riƙe kimanin pikofarad 100, ma'aunin da masu gyaran rediyo suka sani. Mai waya ta metir 3 da mai ta metir 10 ba za su sami murya ɗaya ba ko da gitar ɗaya suka kaɗa. A gwada gajeriyar waya kafin a zargi komi.

Babban ɓarawo a yankinmu kuwa shi ne amfilin kansa. A ƙauyuka da yawa ba a da amfilin gitar, sai a soka ta cikin amfilin shela, wanda ake haya don biki da taro. Ƙofar amfilin gitar tana da tirjiya ta kimanin om miliyan ɗaya, saboda haka ba ta nauyaya wa mikoro. Ƙofar amfilin shela kuwa sau da yawa ba ta wuce om 10.000 zuwa 50.000, wata ma ba ta kai haka ba. Mikoro ɗan ƙaramin abu ne, idan aka ɗora masa wannan kaya sai ya zubar da ƴaƴan murya. Maganin shi ne a sa wani ɗan akwati tsakani. Akwatunan nan na taka ƙafa, irin na Boss, suna yin wannan aiki ko ba a taka su ba, muddin batirinsu yana da rai. Sa'an nan a rage maɓallin manyan muryoyi na amfili, a ɗaga lasifika daga ƙasa a ɗora kan kujera, a janye shi daga kusurwar bango, domin ƙasa da bango suna ƙara gunji.

Na uku: tsayin mikoro

Mutane da yawa suna zaton cewa idan aka matso da mikoro kusa da tsirkiya an ƙara masa lafiya. Ƙarfi ne kawai yake ƙaruwa, kuma uwar murya ce ta fi cin riba. Bugu da ƙari, maganaɗisu yakan ja tsirkiya ya hana ta rawa yadda ya kamata, har a ji murya tana karkarwa kamar ba a ɗaure ta daidai ba. Na saurayin nan saura kaɗan ya taɓa tsirkiya.

Ga yadda ake yi. A danne tsirkiya a gaɓa ta ƙarshe ta wuya, a duba tazarar da ke tsakaninta da kan mikoro. Ya kamata ta kai milimetir 2 zuwa 3. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗauki tsinken ashana, kaurinsa kimanin milimetir 2 ne. Akwai ƙusa mai murɗi a kowane gefe na mikoro. A murɗa rabin juyi, a kaɗa, a saurara, a kuma riƙa ƙidaya juyin domin a iya komawa baya. Gefen manyan tsirkiyoyi ya fi na ƙanana sauka. Idan mikoro mai naɗi biyu ne, bayan an saukar da shi ana iya ɗaga ƙananan ƙusoshinsa shida kaɗan, murya takan ƙara washewa. Ƙa'ida ita ce mikoron wuya da na jaki su yi ƙarfi ɗaya idan aka sauya daga wannan zuwa wancan.

Na huɗu: aikin mai dalma

Idan duk waɗannan ba su wadatar ba, sai a buɗe cikin gitar. Nan ne aikin mai gyaran rediyo, domin abin da ke ciki bai fi ƙarfin saninsa ba: potansiyometir biyu ko uku ko huɗu, kwandansater, da ƴan wayoyi. Idan an zare gitar daga amfili babu wuta mai cutarwa a cikinta. Amma cikin amfili dabam ne, yana iya riƙe wutar da za ta kashe mutum ko bayan an kashe shi, kada wanda bai iya ba ya sa hannu.

Da farko a auna mikoro. Mai naɗi ɗaya yakan nuna om 5.000 zuwa 7.000, mai naɗi biyu 7.000 zuwa 9.000, waɗanda aka yi wa naɗi mai yawa kuwa har 16.000. Yawan naɗi yana ƙara ƙarfi yana rage kaifi, saboda haka irin na ƙarshen nan bai dace da wuya ba. A nan akwai abin da ya kamata kowane makaɗi ya riƙe: mikoron da wayarsa ta tsinke yakan yi shiru, ko ya yi murya siririya rarrauna. Wanda ke gunji da ƙarfi yana da ransa.

Sa'an nan a duba potansiyometir, watau abin da ke ƙarƙashin maɓallin murɗawa. Al'ada ita ce a sa mai kilo-om 250 ga mikoro mai naɗi ɗaya, mai 500 ga mai naɗi biyu. Idan aka sa mai 250 ga mai naɗi biyu, murya takan dushe. Kada a amince da abin da aka rubuta a bayansa, a cire waya a auna, domin yakan kauce da kashi 20 cikin ɗari. Idan ƙura ta shige shi yana ƙara idan an murɗa, a wanke shi da maganin feshi na kayan rediyo. Kada a ɗiga masa man inji.

Kwandansater na maɓallin launin murya yakan zama mai lamba 473 ko 223, watau mikorofarad 0,047 ko 0,022. Na farko ya fi duhunta murya idan an murɗa maɓallin baya, saboda haka mai son haske ya zaɓi na biyu. Idan kuma gitar tana shaƙewa ne kawai sa'ad da aka rage ƙarfinta, a liƙa ɗan kwandansater mai lamba 102 tsakanin ƙafar shiga da ƙafar fita ta maɓallin ƙarfi, zai bar ƴaƴan murya su wuce.

Akwai wata dabara ta musamman ga mikoron wuya. A yanke wayarsa mai ɗaukar murya, a sa kwandansater mai lamba 472 a tsakani. Shi wannan yana tare wani kashi na uwar murya ya bar ƴaƴa, kuma ba ya taɓa mikoron jaki. Kamfanin Rickenbacker ya daɗe yana sa irinsa a gitocinsa. Idan bai isa ba a gwada mai lamba 222, domin ƙaramin kwandansater ya fi tarewa. Duk waɗannan ana samun su cikin matattun rediyo da ke jibge a rumfar kowane mai gyara. Idan mikoro mai naɗi biyu yana da waya huɗu, ana iya haɗa naɗin biyu kafaɗa da kafaɗa maimakon ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfi zai ragu kaɗan, murya ta washe, gunji kuma ba zai komo ba.

Wasu mikoro suna da murfin tagulla wanda ke shan kaifi. Cire shi yana taimako, amma aiki ne mai haɗari, domin kuskuren wuƙa ɗaya ya isa ya tsinke wayar nan mai kama da gashi. Wannan shi ne mataki na ƙarshe kafin sayen sabo. Kuma kada a yi ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ranar biki, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Hannun makaɗi

Ba kowace murya mai duhu ce cuta ba. Wes Montgomery, makaɗin jaz na Amurka da ya rasu a 1968, da babban yatsa yake kaɗawa a kan mikoron wuya, kuma taushin muryarsa ne ya ɗaukaka sunansa. Amma kowace murya tasa tana fita daban, ba ta cakuɗe da ƴar'uwarta. Wannan shi ne ma'auni: idan mai sauraro yana iya bin tsirkiya ɗaya-ɗaya, gitar lafiyarta lau. Makaɗi ma yana da nasa rabo. Idan ya matsa hannunsa na dama wajen jaki yana kaɗawa, ko da mikoron wuya ne a buɗe, kaifi zai ƙaru. Mai gurumi ya san wannan tun yana yaro.

A rumfar nan ta kasuwar Tasawa, abu uku kaɗai aka yi. An sake tsirkiya, an saukar da mikoro juyi biyu da rabi, an kuma ari akwatin taka ƙafa aka sa tsakanin gitar da amfilin shela. Ba a ma kunna ƙarfen dalma ba. Saurayin ya biya kuɗin tsirkiya da goron mai gyara, wakensa kuwa ya tsira.

Masu gyaran rediyo da na talho suna nan a Tasawa da Mayahi da kowace babbar kasuwa ta yankin, da ma'auninsu da dalmarsu. Abin da ya rage shi ne su san cewa cikin gitar bai fi cikin rediyo wuya ba, makaɗa kuma su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Zai yi kyau gidajen matasa da cibiyoyin koyon sana'a su haɗa mutanen nan biyu wuri ɗaya, ko da yini guda ne a shekara, a yi musu bayani da harshen da suke ji. Wanda ya karanta wannan shafi kuma ya karanta wa maƙwabcinsa mai gitar. Allah ya sa mu dace.